Koriyar Tawadar Malam Kuramochi

Yabon gwani ya zama dole, balle gwanin da ba ya jira a yabe shi. Malam Kuramochi mai shagon tabarau a layin kasuwarmu ya daɗe da ɗauke mana wannan wahala. Shi yake yabon kansa da safe, ya maimaita da rana, mu namu gyaɗa kai. Bai taɓa koyar da kowa komai ba, amma Malam muke ce masa, don in ka ce Kuramochi-san kawai, yadda ake kiran kowa a nan, sai kunnensa ya toshe. A bayan idonsa kuwa sunansa Sarkin Alƙalami, saboda alƙaluma masu shan tawada da yake jerawa a aljihun ƙirji kamar lambobin soja.

"Biro," in ji shi, "na masu sayar da kifi ne."

Ba a banza ya ambaci kifi ba. Iya Urabe mai gasa wainar shinkafa, shugabar ƙungiyar 'yan kasuwar layin, ta ce za ta sauka ranar da za ta cika shekara tamanin da takwas, a wurin bikin za ta faɗi magajinta. Wanda ta nuna kuwa tafi kawai ake yi. Mutum biyu ake kallo. Akwai Tobita mai kifi, wanda ba shi da wani abin kirki sai gyaran fitilun layi da kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar tsofaffi. Akwai kuma Malam, wanda tuni ya haddace jawabin karɓar mulki, har da wuraren da zai dakata a tafa masa.

Da aka zo maganar katin gayyatar mutanen nesa, wato dangi da tsofaffin 'yan layi da suka ƙaura da dillalan shinkafa, kwamiti ya ce a kai wa masu buga takardu. Malam ya miƙe ya gyara wuyan kwat.

"Inji? Matar da ta riƙe layin nan tun ina goye, inji ne zai kira mata baƙi? Ku bar mini. Hannuna zai rubuta, da wani launi da garin nan bai taɓa gani ba. Duk wanda ya buɗe ambulan zai san akwai mutum a layin nan."

Gaskiya ya faɗa, an kuwa sani.

Ya hau jirgin ƙasa zuwa birni, wani shago da ake haɗa wa mutum tawada yadda ransa ke so. Matar da ke haɗawa ta tambaye shi wane irin kore.

"Irin na gansakukar da ke kan dutse bayan ruwa ya ɗauke, kafin rana ta fito, a idon mutumin da ya karanta littattafai da yawa."

Matar ta rusuna ta ce ta gane sarai. Ta ɗiga shuɗi, ta ɗiga rawaya, ta juya. Malam ya tsoma bakin alƙalami ya ja layi, ya ɗaga takardar sama, ya runtse ido ɗaya. Wannan koren ganyen latas ne, in ji shi. Ta sake. Wannan na kwaɗo ne. Ta sake. Wannan ya yi surutu da yawa, shi kore mai kawaici yake so. Layi ya taru a bayansa, kowa ya yi shiru irin shirun da muke yi in muna tsine wa mutum a zuci. Daga ƙarshe ta ɗiga masa ɗan ruwan toka, launin ya kwanta. A kan takardar shagon mai santsi, tun tana jiƙe, tawadar ta fito kore shar mai duhu, kuma a gaskiya ta yi kyau. Malam ya rubuta sunansa ya cika shafi da shi, ya sunkuya ya shinshina. Da aka ce ya raɗa mata suna a manna a kwalba, bai yi wata-wata ba ya ce a rubuta Zurfin Tunanin Kuramochi.

Matar ta so ta san irin takardar da zai yi aiki da ita. Malam ya yi murmushin tausayi, ya ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Takardar da ya zaɓa ta hannu ce, mai taushi, mai tsada, mai ƙishi kamar raƙumin da ya ƙetare hamada. Duk harafin da ya ɗora mata sai ta zuƙe koren ta bar tokar. Da katunan suka bushe, Zurfin Tunanin Kuramochi ya koma wani fatsi-fatsi kamar ruwan da aka ɗauraye kofin shayi. Rubutun ma da tsohon salon nan na gudu ya yi shi, wanda haruffa ke riƙe da wutsiyar juna, ba abin da ake iya karantawa sai sunan Iya da ranar taro da wurinsa.

Matarsa Sumie ta shigo da shayi, ta leƙa teburin, ta ajiye tire a hankali.

"Baban yara, wa ya rasu?"

"Wa ya ce miki an rasu?"

"To ai na ga tawadar gaisuwa."

Ba ilimi ta nuna ba. Ko ɗan firamare a nan ya san takardar murna da tawada baƙa ƙirin ake rubuta ta, ta mutuwa ce ake yi da mai ruwa-ruwa, wai hawaye ne ya ɗiga ya tsinka ta. Malam ma ya sani, shi da ya sha yi wa mutane gyara a kan haka. Sai dai gwano ba ya jin warin jikinsa.

"Kore ne," in ji shi. "Kore mai kawaici. Ke idonki ne ya tsufa, ki biyo shago gobe in gwada miki gilashi."

"Kai mai shagon fa, wa zai gwada maka?"

Washegari ya zuba katunan a akwatin gidan waya da hannunsa.

Abu biyu Malam bai sa a lissafi ba, don manyan mutane ba sa kula da ƙananan abubuwa. Iya ta kwanta asibiti a farkon sanyi, labari ya kai nesa, labarin sallamarta kuwa bai kai ba. Zauren da kwamiti ya kama kuma na haikalin bayan kasuwa ne, inda ake biki ake kuma zaman makoki. Ga sunan tsohuwa, ga zauren haikali, ga tawada mai hawaye. Mu kuma ba mutanen da za su ɗaga waya su tambayi gidan mutuwa ko da gaske an mutu ba ne. Wannan rashin kunya ce. Duk wanda kati ya kai wa ya ciro baƙaƙen kayansa ya goge.

Ranar biki Iya ta zauna a kan matashi mai ruwan zinariya, sanye da 'yar shara da hula rawaya irin ta masu tamanin da takwas, ga jar shinkafa da wake an jera a faranti. Malam yana bakin ƙofa, ƙirji a gaba, yana jiran a tambaye shi wa ya yi wannan rubutu. Sai ga dillalin shinkafa cikin baƙar kwat da baƙin nektai, carbi a hannu, ya rusuna ya yi maganar da ba a ji. Ga wani a bayansa. Ga motar mai furanni tana sauke fararen furannin makoki. Malam ya fara gumi a tsakiyar hunturu, amma bai fasa murmushi ba.

Wadda ta fi ba mu tausayi Harue ce, ƙanwar Iya, da ta taso daga can arewa tana kuka tun daga tashar jirgi. Ta shigo ana riƙe da ita, ta ɗaga kai, ta ga yayarta tana tauna shinkafa. Nan take ta zube a sume. Wannan kam ba wanda ya yi dariya, har sai da ta dawo hayyacinta ta rarrafa ta kama kunnen Iya.

"Yaya! Ashe kina nan? Na yi ta kuka har idona ya kumbura, ke kuma kina cin abinci!"

"To ki ci gaba da kukan mana, ki rage wa kanki aiki nan gaba."

Nan zauren ya fashe, masu baƙi da masu ado. Iya ta sa aka miƙo mata kati ɗaya, ta nisanta shi da ido, ta matso da shi, ta juya shi ƙasa da sama.

"Na gode muku," in ji ta. "Ba kowa ke samun ganin masu zuwa makokinsa ba. Na ga waɗanda suka zo, na kuma lura da waɗanda ba su zo ba. Tobita, daga yau layi yana hannunka."

Aka tafa. Malam ma ya tafa, da hannu ɗaya a kan takardar jawabin da ke aljihunsa.

"Kai kuma Malam, ba za mu bar baiwa irin taka ta lalace ba. Duk ambulan ɗin gaisuwar mutuwa da ƙungiya za ta aika, kai za ka riƙa rubutawa. Tawadarka ta riga ta nuna ta iya aikin."

Malam ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. Da ya ɗago ya shaida wa na kusa da shi cewa dama shugabanci aikin fitila ne da shebur, amma riƙe alƙalamin ƙungiya sai wanda aka zaɓa.

Yanzu da hantsi yakan zauna a ƙofar shago yana goge bakin alƙalaminsa, yana bin masu wucewa da kallo ta saman gilashi. Tsofaffin layin, waɗanda su ne masu sayen tabarau, da sun hango shi sai su tsallaka ɗaya gefen su ƙara sauri. Sumie ta nuna masa, ta ce ko ya lura ba mai shigowa.

"Na lura," in ji Malam. "Kwarjini ne."