Shugabanmu Mai Tozo

A shekarun da kuɗin fetur suka wadata, aka ba ƙungiyarmu ta masu kiwo a Ƙanƙara kwamfuta. Ni ne sakatare, na kuma yi kwas na sati biyu, saboda haka ba mai gaya mani komai.

Aka ce in buga takardar gayyatar taro, hoton shugabanmu Alhaji Mati a sama, na bijimi a ƙasa. Dattawa na zaune, bayan kwamfutar kawai suke gani. Na kwafi hoton bijimi na liƙa a ƙasa, sannan na koma kan hoton Alhaji.

"Wannan ai ko ido rufe," na ce, ina kallonsu ina danne-danne.

Ashe hoton Alhaji bai kwafu ba, bijimin na sake liƙawa. Ban duba ba na buga, aka raba har Pauwa da Tafoki.

Ranar kasuwa Alhaji ya miƙo mani takardar. Ga ƙaho, ga tozo, a ƙarƙashi an rubuta "Shugabanmu Mai Hangen Nesa".

"Malam Sakatare," in ji shi, "yaushe na yi wannan ƙibar?"

Wallahi na gaji. Ko jiya da aka koro shanu, sai da mai shayi ya ɗaga murya: "Sakatare, miƙe mana, shugabanni za su wuce!"