Ƙarfen Cinyar Kawu Sule

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na hana Kawu Sule cin gishiri har wata biyu. Lokacin ina shekara ta biyu a kwalejin horon malamai, na fara karanta kimiyya, kaina ya yi girman da hular kirki ba ta shiga.

Kawu Sule ƙanin mahaifiyata ne, manomin gyaɗa a Turawa. San huɗarsa ne ya ture shi cikin kwari, ƙashin cinyarsa ya karye. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa abin ya ƙi, aka kai shi asibiti Kano, likitoci suka haɗa ƙashin da farantin ƙarfe da kusoshi. Na zo hutu na tarar da shi ya fara takawa da sanda, har yana zancen leƙa gona.

Nan na gyara zama a zaure na kafa masa dokoki. Kada ya fita in hadari ya haɗu, domin ƙarfe na janyo tsawa. Kada ya ci gishiri, domin gishiri na sa tsatsa. Kada kuma ya ɗora nauyi a ƙafar, kada ƙarfen ya lanƙwashe. (Duk wannan daga babi ɗaya na littafi na haɗo shi, shi ma ban kai ƙarshensa ba.)

"To, Malam ƙarami," in ji Kawu, "ku ne kuka yi boko."

Bawan Allah ya bi. Da ya hango gajimare sai ya ja jiki ɗaki. Miyarsa daban ake yi masa, lami. Ciyawa kuwa ta samu gonar gyaɗa ba mai tsawata mata.

Wata rana bayan la'asar wani dattijo a cikin masu zuwa dubiya ya ce shi bai yarda da zancen tsawar nan ba. Na ce a ba ni minti biyar. Na kwance rediyon Kawu, na ciro mayen ƙarfen da ke bayan sifika, na nuna wa jama'a yadda yake cafke allura. Sannan na manna shi a cinyar Kawu na saki. Ya faɗi ƙasa. Na sake, ya sake faɗuwa.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na girgiza kai na ce, "Kawu, an cuce ka. Ba su sa maka ƙarfen ba, yanka ka kawai suka yi suka ɗinke."

Haka muka hau mota daga Karaye ranar da aka ba shi ya koma asibiti, ni ne tafinta, domin likitan Ba'indiye ne. Na zuba masa Turanci, na ajiye mayen ƙarfe a teburinsa a matsayin shaida. Ya ɗaga hoton ƙashi sama, ga faranti da kusoshi shida raɗau. Sannan ya cire tabarau ya yi mini bayani a hankali, irin wanda ake yi wa mara lafiya.

"Me ya ce?" Kawu ya tambaye ni.

"Ya ce... kusan duk abin da na faɗa haka ne, sai ɗan gyara."

Ashe nas ɗin da ke naɗe bandeji a gefe 'yar Rogo ce, kuma ba ta da niyyar rufa mini asiri.

"Baba, ba haka ya ce ba," in ji ta. "Ya ce ba irin ƙarfen fartanya ba ne. Gauraye ne na musamman, an zaɓe shi don ba ya tsatsa, tunda jinin mutum ma da gishirinsa. Irin haɗin da aka yi masa ne ya sa mayen ƙarfe ba ya kama shi. Tsawa kuma ba ruwanta da cinyarka. An gwada shi ya jure taku dubu bisa dubu bai tsage ba."

"To lanƙwashewa fa, 'yata?"

"Nan ne ma ya fi yin faɗa. Ya ce ƙarfe ya fi ƙashi tauri nesa ba kusa ba, in aka bar masa duk nauyin sai ƙashi ya yi lalaci ya rame, kamar ɗan da ake yi wa noma. Shi ya sa ba sa saka mai kauri fiye da kima, shi ya sa kuma suka ce ka riƙa takawa kaɗan-kaɗan. Yanzu ƙashinka bai haɗe yadda ya kamata ba. Yana tambaya wane ne ya ce ka kwanta."

Kawu bai nuna ni ba. Juyowa kawai ya yi ya dube ni, likita ya bi idonsa, nas ta bi na likita. (Na duba bayana ko akwai wani, bango ne.)

Bayan mun wuce Gwarzo a hanyar dawowa, sai Kawu ya nisa ya ce, "Malam ƙarami, shekara nawa ta rage maka a makarantar?"

Na ce ɗaya.

"Ka roƙe su su ƙara maka biyu."

Sauran hutun nan a gonarsa na ƙare shi, ina cirar ciyawar da ta kai mini ƙugu, shi yana zagaya kunya da sandarsa bisa umarnin likita. Ƙafa ta warke, alhamdu lillahi, gyaɗa kuwa rabin ta bara aka samu.

Yau shekarata ashirin da wani abu ina koyar da kimiyya. Abin da na koya a ɗakin likitan nan bai wuce biyu ba: in gwaji ya ƙaryata ka, kai ne ka yi kuskure ba cinyar mutane ba, kuma kafin ka murɗe fassara, ka fara tambayar nas 'yar ina ce.