Yadda Za Ka Gasa Wainar Ots Ka Burge Surukanka na Damaga

Ɗan'uwa, idan ka bi matakan nan yadda na bi su, na yi maka alkawari sunanka zai zagaye ƙauye guda cikin yini ɗaya. Ni Sallau, malamin firamare a Talata Mafara, a kaina aka gwada.

Mataki na 1: Ka cika baki

Ka jira matarka ta haihu, ta tafi wankan jego gidansu. Tawa, Hafiza, Damaga ta tafi, can ƙasar Maradun. A asibiti an hana ta kayan zaƙi, sai ta ce mini a waya bakinta ya gaji da kunu. Nan za ka gyara murya ka ce, "Zan gasa miki abin taɓawa da hannuna."

Za ta ce, "Abban Misbahu, kai da ruwan shayi ke ƙonewa a hannunka?" Kada ka ja da baya. Namiji ba ya janye magana don kawai ba gaskiya ba ce.

Mataki na 2: Ka nemi gwana, amma kada ka saurare ta

Madam Margaret, abokiyar aikina, ta iya gashi. Ta ce in sayo ots, hatsin nan na leda da ake damawa kamar koko, in niƙa, in haɗa da ƙwai, albasa, attarugu, man gyaɗa da gishiri ƙaramin cokali ɗaya.

"Malam Sallau, ka rubuta mana," in ji ta.

Ka nuna kanka da yatsa ka ce, "Madam, nan ne littafina."

Mataki na 3: Ka auna da zuciya

Kana isa gida za ka tarar littafin ya goge. Ka tuna an ce gishiri ɗaya, ka manta ɗayan mene ne. Ni ludayi na gani kusa. Da ƙullun ya yi ruwa na ƙara gari, da na ƙara gari na ga adalci ne in ƙara gishiri. Kada ka ɗanɗana. Ɗanɗano alamar rashin yarda da kai ne.

Mataki na 4: Gashi

Ba ka da oben, murhun gashin zamani, to ka zuba yashi a tukunya, ka jera gwangwanayen madara cike da ƙullu, garwashi sama da ƙasa. Madam ta ce minti ashirin. A daidai nan abokina na Bakura ya kira, muka shiga gardamar ƙwallo. Da na buɗe tukunya, guda ɗaya ta suɓuce ta faɗi kan siminti. Simintin ne ya ji ciwo.

Mataki na 5: Ka kai da kanka

Ka sa babbar riga, ka ɗaure kwanon a bayan babur. Ka isa, ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa gaban surukinka. Nawa, Baba Hamma, dattijo ne mai shanu, mai doguwar gaisuwa. Sai da muka gaisa kan hanya, gajiya, mutanen Mafara da damina, sannan na tura kwanon gabansa, kaina a ƙasa.

Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce. Ya kai baki ya lasa. Fuskarsa ta washe.

"Madalla! Wanga yaro akwai hankali. Ya san gishirin lasa ya yi wuya bana. Labaran, kai ma shanu!"

Labaran yayan Hafiza ne, ya ɗauki kwanon ya nufi garke. A nan, ɗan'uwa, kana da zaɓi biyu: ka gyara wa surukinka magana a gaban mutane, ko ka ce, "Ba komai, Baba." Na ce ba komai.

Mataki na 6: Ka fuskanci mai ɗaki

Kafin in shiga wurinta labari ya riga ni. Na tarar tana rungume da jariri, tana dariya har hawaye na zuba.

"Ina abin taɓawata?"

Na ciro guda ɗaya da na ɓoye a aljihu. Ta jefa a kofin kunun kanwa, muka zauna muna jira ta jiƙa. Har aka kira la'asar ba ta jiƙa ba. Ta tsamo ta, ta gatsa gefe, ta runtse ido, ta haɗiye.

"Ba wanda ya taɓa hura wuta domina sai Inna," ta ce. "Na gode. Amma don Allah kada ka sake."

Ban samu damar bin umarninta ba. Ina tada babur, Baba Hamma ya biyo ni har ƙofar gida, shi da maƙwabta uku. Shanu, in ji shi, har faɗa suka yi. Guda arba'in yake so kafin ranar kasuwa.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin haƙorin da ya karye, ko tukunyar da ta fashe, ko ƙishirwar da ta biyo baya. Mai ƙorafi ya same ni a gida ranar Asabar, amma ya zo da itace, ina da aiki.