Ranar da na shanya gogen Bature

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis a Riyad, lokacin ina tuƙa wani dattijon injiniya ɗan Suwizalan a unguwar Nasiriya. Mudir nake ce masa, wato maigida da Larabci. Yana da wani ƙaton goge da suke kira celo, tsayinsa ya kai ƙirjina, a zaune ake kaɗa shi, a matse tsakanin gwiwoyi. Ni kuwa jikan mai goge ne daga Maraɗi, don haka tun da na ɗora ido a kansa hankalina ya ƙi kwanciya.

Tambaya kam na yi ta har na ba kaina haushi. A mota, da guntun Larabcina da guntun nasa, ya gaya min gogen na malaminsa ne, shi ya bar masa da zai rasu. Wai malamin tun yana saurayi ya dage sai an kaɗa kiɗan mutanen zamanin da kamar yadda su suka kaɗa shi, da tsirkiyar hanjin tumaki, ba ta ƙarfe ba. Abokan sana'a suka yi ta masa dariya, shi kuma ya yi ta tono tsofaffin kayan kiɗa yana koyar da ɗalibai, har aka dawo kan maganarsa. Ina jin hanjin tumaki na ce a raina, ashe ɗan gida ne. (Daga nan na zama gwani, kuma ni na naɗa kaina.)

Ran nan baƙi za su zo sauraron kiɗansa bayan azahar. Mudir ya gwada gogen da safe, ya yamutsa fuska, ya ce yau muryar ta dushe, ya hau sama ya kwanta. Na lallaɓa na buɗe akwatin gogen, sai ga soso jiƙe a ciki. Na ce ga ciwon nan. A gida in fatar goge ta sha laima, rana kakana yake nuna mata ta ɗame. Na jefar da soson, na rungumi celo na jingina shi a bangon tsakar gida, rana na tsaka, irin wadda ke narka kwalta. Har gadinsa na zauna yi, ina jin daɗin kaina.

Da ya sauko tarbar baƙin, ni na ja su waje da kaina.

"Mudir, na gyara maka shi. Haka muke yi a garinmu."

Ban rufe baki ba tsirkiya ɗaya ta ce tas. Ta biyu ta bi ta. Dattijon da ko matakala sai ya dafa, ya ruga a guje ya sungumi abinsa ya shige ɗaki. Baƙin suka bi ni da kallo, ni kuma na bi ƙasa da nawa. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoro, don kalma ɗaya zai faɗa wa kafilina, wanda ya tsaya min na shigo ƙasar, a sa ni a jirgi.

Ashe soson da gangan ake jiƙa shi, saboda bushewar garin na tsaga katako. Baƙin suka sha gahawa suka tafi ba su ji komai ba. Aka gano manne ya ɗan buɗe a gefe ɗaya, katakon dai ya tsira. Kwana uku ina tuƙa shi ina jiran sallama.

Rana ta huɗu, muna tsaye a danja, ya tambaye ni fatar me kakana yake sa wa gogensa. Na ce ta guza. Ya ciro biro ya rubuta.

"Da malamina na raye, da ya zaunar da kai ya yi maka tambaya ɗari," in ji shi. "Amma sai ya fara kulle akwatin."

Tun daga ranar, in gwaninta ta taso min a kan kayan mutane, sai in sa hannuwana a aljihu in bar bakina ya yi aikin.