Mamarin da Ya Kama Mai Shi

Abubuwa da yawa na zamanin Nasara sun fita daga kaina, amma ba zan taɓa iya manta shekarar da na dawo daga Yawuri da mamari a cikin jaka ba. Ko da na so in manta, mutanen garinmu ba su da wannan kirkin.

Garinmu ƙauye ne kusa da Dumega, a ƙasar Faransi, kuma duk arzikinmu na ruwa tabki guda ne. Damina ta cika shi, ya riƙe ruwa har tsakiyar rani. A nan mata ke ɗiba, a nan shanun Fulani ke sha, a nan kuma tarwaɗa ke ƙiba tana jiran ranar su, wato ranar kamun kifin gari duka. Kafin ranar, dokar tabki a hannun Sarkin Ruwa Gado take, wani tsoho siriri mai ƙarancin magana. Shi ke yi wa doguwa, aljanar tabkin, yanka, shi ke cewa a shiga, sai gari duka ya auka da homa da ƙwarya, ƙafa ba takalmi. Wanda kwaɗayi ya dama kafin lokacin, an yarda ya zauna a gaɓa da fatsa. Mutum guda, igiya guda. Dokar ke nan tun kakanni.

Ni kuwa na je cin rani ƙasar Ingilishi, na ga yadda Sarkawa ke kamun kifi a babban kogi, na dawo ina jin duk Arewa babu mai wayona. Mamari, ga wanda bai san shi ba, doguwar igiya ce da aka jera wa ƙugiyoyi kusa da kusa, ba a sa musu ko tana. Kifi ya zo wucewa sai su cafke shi ta ciki ko ta wutsiya. Ba ya tambayar wanda ya zo, ya kama kawai. (Wannan bayanin da bakina na riƙa yi wa samari a dandali, ina alfahari. Ban saurari kaina ba.)

Akwai kuma wani dalili. Ina neman Hajo, 'yar Baba Arzika wanzami, kuma ba ni kaɗai ke nema ba. Na ƙudurta cewa tarwaɗar farko ta shekara, irin mai kai kamar turmi, daga hannuna za ta shiga gidansu.

Wata safiya Sarkin Ruwa ya same ni a ƙofar gida ina warware igiyar. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Wanga mi ne, ɗana?"

"Fatsa ce, Baba."

"Fatsa mai haƙora haka?"

"Igiya guda ce, Baba. Ku kun ce mutum guda, igiya guda. Ba ku ce ƙugiya guda ba."

Ya dube ni, ya dubi igiyar. "Kada in gan ta cikin ruwa," ya ce, ya wuce.

Ni a kaina sai na fassara maganar: bai ce kada ta shiga ruwa ba, cewa ya yi kada ya gan ta. Kun ji irin ilimin da na kwaso daga Yawuri.

Na bari sai da rana ta take, kowa ya shige inuwa, na sulale tabki. Na ɗaure bakin igiyar a jikin wani kututture, na kutsa ruwa har ƙugu ina shimfiɗa ta a ƙasa. Ban jima ba na ji tana motsi. Tarwaɗa ce, har ba guda ba. Ina tsaye cikin ruwa ina murmushi ni kaɗai, ina shirya yadda zan aika da su gidan Baba Arzika ba tare da na nuna rawar kai ba, sai na ji ƙugin shanu.

Na san shanun Buba, Bafulatanin da ke zaune a bayan gari, da azahar suke sha. Tun ina yaro na san haka. Ranar dai wayo ya cika mini kai har babu wurin ajiye wannan. Na ɗaga hannu ina kora, ina ihu, amma saniya mai ƙishirwa ba ta jin Hausa. Wata jar karsana ta shigo tsakiyar igiyar, ƙugiya ta kama ta a ƙafa, wata a leɓe. Ta yi wani irin kuka, ta juya da gudu.

Ni kuma ina tsaye a cikin lanƙwasar igiyar.

Ba zan iya ba ku labarin abin da ya biyo baya a jere ba. Na dai san igiyar ta naɗe ni daga cinya zuwa ƙugu, na san na sha ruwan tabki fiye da yadda na sha a duk ranin, kuma na san karsanar ta ja ni cikin laka har gaɓa kafin Buba ya riƙe ta. Da na buɗe ido ina kwance rubda-ciki, wandona ya zama tsumma, ƙugiyoyi sun jeru a wurin da mutum ke zama. Gefena tarwaɗa na ta ɓalli-ɓalli a igiya ɗaya da ni.

Buba bai zage ni ba. Na fi son da ya zage ni. Ya durƙusa yana shafa wuyan karsanarsa, jini na zuba daga leɓenta, yana yi mata magana da Fulatanci a hankali kamar yana lallashin jariri. Sannan ya aika a kira maigari.

Kafin a jima gaɓa ta cika. Matan da suka zo ɗibar ruwa suka ajiye tuluna suka gyara tsayuwa. Wata tsohuwa ta ji tausayina ta yafa mini zane, ƙugiyoyin suka kama zanen shi ma. Ga kuma rashin sa'a, a ranar akwai wani gardi, dogarin Nasara, da ya zo daga Dogon Dutsi ɗibar mutanen aikin hanya, yana hutawa a zauren maigari. Ya biyo maigari da jar hularsa da bulala.

Nan aka buɗe shari'a a kaina, ina kwance, ƙudaje na bin laka a bayana.

Sarkin Ruwa ya ce na keta dokar tabki. Wani ƙanen babana, mai son gardama ko a gidan mutuwa, ya ce a yi adalci, igiyar dai guda ce. Liman ya ce ba a igiya matsalar take ba, abin da ke cutar da dabba da mutum a ruwan jama'a haramun ne ko da zare ne. Ƙanen babana ya ce to a kawo inda aka rubuta. Suka shiga ja-in-ja kamar ba ni a wurin. Na ce, "Don Allah a cire mini tukuna," aka ce in yi shiru, manya na magana.

Gardi ya sunkuya ya duba. "Waɗanga ƙugiyoyin Ingilishi ne," ya ce. "An ƙetaro da su iyaka. Kada kowa ya taɓa. Haka zan kai shi gaban kumandan, shaida na jikinai."

Maigari ya tambaye shi ko Nasara na da doka a kan mamari.

"Akwai," in ji gardi. "Ko ni ban san ta ba, kumandan ya sani."

A nan dariya ta ƙare mini, in ma akwai ta. Gidan kaso a Dogon Dutsi ba wasa ba ne a wancan zamani, mun ga waɗanda suka dawo daga can. Kuma na hango kaina kife a kan jaki, ana bi da ni gari-gari.

Sai na ji mutane na buɗe hanya. Wanzami aka kira, kuma wanzami guda ne a garinmu.

Baba Arzika ya ajiye zabirarsa kusa da kaina. Na rasa abin yi. Mutum ba ya ganin surukinsa ya ƙi gaisuwa, don haka daga inda nake, fuska cikin laka, na ce, "Baba, ina wuni."

"Lahiya lau," ya ce. "Ya gajiya?"

Ya ɗaga zanen ya duba, ya mayar. Ya ce wa gardi in aka tafi da ni haka, ciwon zai ruɓe a hanya, kuma wanda ya tafi da mai rai ya isa da gawa shi zai yi wa kumandan bayani. Ya ƙara da cewa in shaida ake so, ga kifi nan, su ma a igiyar aka same su. Gardi ya dubi tarwaɗar ya yi nazari. Ya kwashe su duka da sauran igiyar, kuma na ji an ce da yamma shaida ta shiga miya a gidan maigari.

Na yi ajiyar zuciya, na ce yanzu za a cire. Sai Buba ya ce karsanarsa fa.

"Ita za a fara," in ji Baba Arzika. "Ita ba ta san komi ba."

Haka na ci gaba da kwanciya har aka gama da saniya. Sannan ya wasa aska ya dawo kaina. Ƙugiya mai kunne ba ta fita ta inda ta shiga sai an tsaga. Kowace zai cire sai ya yi bismilla, ni kuma na ciji hannuna, don ba a kuka gaban suruki. Daga cikin matan na ji wata dariya da na sani sarai. Ban ɗaga kai ba.

Hukuncin gari ya zo da sauƙi, in an kwatanta. An hana ni shiga su na shekarar, aka kuma ɗora mini jinyar karsanar: kullum in je ruga in wanke mata ciwo da ruwan bagaruwa, in yanko mata ciyawa, har ta warke. Ta warke kafin ni. Ranar su kuwa ina gaɓa a tsaye, don zama bai samu ba, ina kallon yara ƙanana na tsalle ba takalmi daidai inda na shimfiɗa igiyar. A nan ne abin ya shige ni sosai, fiye da askar.

Hajo ta aure ni bayan kaka. Ta ce ta duba ta ga duk cikin masu nemanta ni kaɗai ne babanta ya riga ya san ciki da bai. Baba Arzika bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai dai duk ranar da na je gaishe shi yakan sa a ninka mini tabarma biyu.

Abin da na koya shi ne, in dattijo ya faɗi doka a taƙaice, ba mantuwa ya yi da sauran ba, ya ɗauka kana da hankalin da za ka cike da kanka. In ka ƙi, za a cike maka a bainar jama'a, kuma ba lallai ta kunne ba.