Yaƙin Alhaji Nomau Mai Kilishi da Shafinsa na Intanet

Bayan godiya ga Mai Duka, wannan shi ne tarihin Alhaji Nomau ɗan Gambo ɗan Mantau, jikan mahautan da suka kayar da bajimai dubu tun ba a kafa tashar Funtua ba, ma'abocin wuƙa da faranti, gagarabadau, wanda yajin kilishinsa ke sa ƙato hawaye ba a yi masa mutuwa ba.

Musabbabin yaƙin shi ne, Alhaji ya yi hijira daga shagonsa na bakin tasha zuwa wani lungu, sai Jatau, abokin hamayyarsa a sana'a, ya gaje shagon. Shafin intanet na Alhaji kuwa yana nan ɗauke da tsohon adireshi. Duk baƙon da ya duba waya ya taho neman kilishin Nomau a hannun Jatau yake faɗawa, ga Sallah ta ƙarato. Abin ya tsaya wa Alhaji a rai ƙwarai.

Ƙanwarsa Talatu, malamar kwamfuta wadda ta gina masa shafin, ta baje masa makamai biyu. Ta ce, "Yaya, wannan manhajar ta 'yan koyo ce, ka taɓa, ka rubuta, ka aika, kamar saƙon waya. Waccan kuwa ta ƙwararru ce, ko ni sai na nutsu."

Kalmar 'yan koyo ta soki sadaukin a ƙahon zuci. Ya gyara zaman hula ya ce, "A gidanmu ba a yanka sa da reza. Miƙo mini babbar." Da akwai wadda ta fi ta wuya, da ita zai nema.

Ranar Litinin da hantsi ya ja daga a kan benci, ya ɗora gilashi a hanci, ya zare manuniyarsa mai maiƙon ƙuli, ya fuskanci ƙofar birnin manhajar, inda kalmar sirri ta koro shi har sau uku kafin ya tuna yana da ita a takarda cikin hula. Da ya kutsa kai sai ga rundunar baƙaƙen Turanci sahu bayan sahu a kan baƙin allo, babu wanda ya yi masa sallama. Ya yi kururuwa, "Sai ni Nomau, na Gambo!" Ya danna. Hoton kilishi ya kife. Ya sake kai sara, lambar wayarsa ta yi shahada. A hari na uku shafin gaba ɗaya ya koma fari fat, daular ta yi kwana uku tana kufai.

A rana ta huɗu ya aika a kira Talatu, ya shaida mata cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ta tayar da shafin, ta buɗe masa ƙaramar manhajar, ta koma aji. Kafin shayinsa ya huce, gwarzon ya rubuta sabon adireshi da hannunsa, ya danna, ya hau. Aka yi ta barka da arziki, aka raba wa maƙwabta kilishi, Alhaji ya bi layi yana nuna wa kowa fatahin da Allah ya ba shi.

Sai dai tun da aka haifi Alhaji bai taɓa faɗin adireshi da lambar titi ba, kwatance ya sani. Ga abin da ya rubuta wa duniya: "Mun tashi. In ka zo tasha ka nemi shagon Jatau mai kilishi, ka tambaye shi, zai nuna maka."

Jatau kuwa mutum ne mai karɓar baƙi. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya miƙa masa ɗanɗano ya ce, "Ai ka iso, maigida. Wanne za a ƙunsa, mai yaji ko marar yaji?" Kafin Sallah sai da ya ƙara gadajen shanya kilishi biyu.