Ranar da Na Shayar da Kwamfuta

Da ƙanena ya ɗauko bidiyon gonar shinkafata da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, murna ta hana ni zama. A wayarsa har zangarniya ana gani tar. Na ari tsohuwar kwamfutar maiɗakina, wadda take shirya wa ɗalibanta darasi da ita, na tara 'yan majalisarmu na Kura bayan la'asar.

"Yau za ku ga noma!" na ce, na danna.

Hoton ya taho, ya tsaya, ya yi tsalle, ya sake ƙamewa. Fankar ciki sai gurnani take, gindin kwamfutar ya ɗau zafi kamar tanda.

"Malam, bidiyon nan ya fi ƙarfinta," in ji Alhaji Sule.

Ni da na tsufa ina lallashin injin ban-ruwa za a koya wa zafin inji? Na jawo buta, na yi bismillah, na tsiyaya mata ruwa ta kafar iska.

Ta yi ƙyas, ta ɗauke ɗif. Ranar a gida ko sannu ban samu ba.

Har yau, duk sanda aka sako ruwa a kanal ɗin da muke shayar da gonaki, sai wani ya ƙwala mini kira: "Malam, kawo kwamfutar, layinta ya zo!"